Guntun da Injiniya Ya Yanke

Akwai wani mai gyaran kwamfuta da kowa ke kira Injiniya. Tun yana ƙarami aka laƙaba masa sunan, don duk rediyon da ya shigo gidansu sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ya girma, ya yi karatu, ya iya aiki. Wannan kam ba wanda zai ƙwace masa. Matsalarsa guda ce: in ya san abu ɗaya, a ganinsa ya gama sanin duniya.

Mahaifinsa kafinta ne, mai yin ƙofofi da tagogi. Tsohon yana da wata ɗabi'a da 'ya'yansa suka tashi suka tarar. Duk katakon da ya yanke, ba ya yar da guntun. Sai ya sa masa lamba da fensir ya jefa a buhu. Ba mai taɓa buhun nan sai an kafa ƙofar, an buɗe, an rufe, an ga ta zauna daram.

In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Aikin bai ƙare ba tukuna. Me zai sa in raba shi da ɗan'uwansa?"

Shekara huɗu kafin rasuwarsa, tsohon ya kwanta asibiti kwana goma. Injiniya ya ce bari ya yi abin kirki. Ya shiga shagon uban ya share shi tas, ya kwashe buhunan guntaye aka kai bola, ya fitar da tsohon teburin katako ya kawo na ƙarfe mai ƙyalli. Bai tambayi kowa ba.

Da aka sallamo tsohon, ya zo ya tsaya a bakin shagon, ya daɗe yana kallo. Maƙwabta na tsaye.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, shara ce fa."

"Shara. To, madalla. Karatun da ka yi ke nan, sanin abin da za a zubar."

Da Injiniya ya sunkuyar da kai, da magana ta mutu a nan. Amma idon mutane ya ɗebe shi. Ya ce, "Baba, zamanin tara tarkace ya wuce."

Daga ranar ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. "Ina kwana, Baba." "Lafiya." Shi ke nan. Shekara huɗu cur, kowa na jiran ɗaya ya fara.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama tsohon. Likita ya ce za a yi aiki, kuma da wuya murya ta dawo. Babbar 'yarsa, wadda Injiniya ke kira Yaya, ta ce ba za ta bari muryar ubanta ta tafi haka nan ba. Ta riƙa ajiye wayarta a kan kujera kusa da shi tana naɗar maganarsa. In ya gaji ta dakatar, washegari a ɗora daga inda aka tsaya, duk a cikin fayil guda. Zama na farko ya yi wa Inna, matarsa, magana. Na biyu ya yi wa Yaya. Na uku ya ba jikoki labarin yadda ya koyi sana'a.

Aka yi aikin. Muryar ba ta dawo ba, shi ma bai daɗe ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an kwana biyu, Yaya ta zo shagon Injiniya da wayar a hannu.

"Ta cika, ko hoto ba ta ɗauka. Ka kwashe maganar Baba ka sa mana a abin da Inna za ta iya kunnawa da kanta. Ranar hutu za mu zauna mu ji gaba ɗaya."

"An gama."

"Kar ka taɓa komai a ciki, ka ji ko? Kwashewa kawai."

"Haba Yaya. Ni za ki koya wa aikina?"

Ya mayar da fayil ɗin cikin babbar kwamfutarsa ta shago, ya goge na wayar don ta samu wuri, ya miƙa mata ta tafi. Ya zama a duk duniya wuri ɗaya tak muryar tsohon take.

Da rana ta yi, mutane suka ragu, sai ya sa abin ji a kunne ya kunna. Awa uku ne cif. Bai ji duka ba, tsallake yake yi, yana neman abu guda: inda uban zai ambace shi. Ya ji an kira Inna. Ya ji an kira Yaya. Ya ji an kira jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da bai san hagu da dama ba. Maganar ta ƙare, ba a ambace shi ba.

Ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali. Ransa ya yi baƙi ƙirin.

Abokin aikinsa, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau, yana can gefe yana gyaran wata na'urar buga takarda. Ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Lafiya, Injiniya? Ka yi fuska kamar wanda aka ce ya biya kuɗin iska."

"Fayil ɗin ne ke da matsala."

Kuma gaskiya ne, akwai matsala. Kowane fayil na murya yana da wani ɗan wuri a kansa inda waya ke rubuta tsawon maganar da ke ciki, kuma sai an rufe naɗi lafiya take gyara lambar. A wannan fayil, kan ya ce awa uku. Amma jikin ya fi haka tsawo. Akwai wata jela a baya da kan bai san da ita ba, shi ya sa ba ta kunnuwa. Ƙaramin rediyon Inna mai cin kati kuwa, in kai da jiki suka saɓa, ƙin buɗewa yake yi gaba ɗaya.

Mai Tabarau ya matso ya duba. "Wannan jelar tana da yawa fa. Ka buɗe ta ka ji mana."

"Shara ce. Wasu wayoyin sukan kama wuri tun kafin su cika shi. Na ga irinta ta fi sau ɗari."

"Ka ga irinta. Wannan ɗin ka gan ta?"

"Yanke ta zan yi, fayil ya dawo daidai da abin da kan ya faɗa. Aikin ƙiftawar ido ne."

"To kwafa ka ajiye a gefe tukuna. Me zai ci maka?"

Ba abin da zai ci masa. Minti biyu ne. Amma zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci cewa uban bai bar masa komai ba, kuma ba ya son ya je ya leƙa ya sake tarar da babu. Sai ya ɓoye ciwon a bayan iya aiki, yadda masu girman kai suka saba.

"Ba na aikin tsoro," in ji shi. "Ka san yadda wannan kwamfutar take. Ba ta yanka kai tsaye. Tana da ɗan littafinta na gefe. Sai ta fara rubuta abin da za ta yi: ga sabon tsawo, ga wuraren da za a saki. Ta ɗaure su ƙulli ɗaya, sannan ta buga hatimi. In hatimin bai hau ba, kamar ba a yi komai ba. In ya hau, an yi duka. Ba rabi da rabi. Ina abin tsoro a nan?"

"Ni na koya maka wannan, yaro," in ji Mai Tabarau. "Ina jin ka."

Injiniya ya rubuta umarni ya danna.

Ko hannunsa bai ɗauke ba, wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, allon ya yi baƙi.

Suka tada janareto, kwamfuta ta tashi. Ta duba littafinta na gefe, ta ga ƙullin da ba hatimi, ta watsar da shi. Fayil ya fito cikakke, jelar tana nan yadda take, ko ƙwarzane babu.

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. "An dawo maka da shi. Ba kowa ake yi wa haka ba. Don Allah ka saurari abin nan kafin ka sake."

Injiniya ya yi dariya. "Ka gani ko? Abin da nake faɗa maka ke nan. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko ɗigo bai ɓata ba."

"Littafin nan daga ɗaukewar wuta yake kare ka. Ba ya kare ka daga hannunka. Abin da ka ce a yi shi zai yi maka, tsaf, ko daidai ne ko kuskure."

"Koma kan injin buga takardarka, Baba Tabarau."

Ya sake dannawa. Wannan karon wuta ba ta ɗauke ba. Hatimi ya hau. Fayil ya dawo awa uku cif, kai da jiki suka daidaita. Ya sa shi a kati, ya gwada a rediyo, ya buɗe sumul. Har ya juya ya ɗaga wa Mai Tabarau gira.

Zaman bai yiwu a ranar hutun farko ba, Inna ba ta jin daɗi. Sai bayan mako biyu aka taru a ɗakinta da yamma. Ta zauna a bakin gado, rediyon a cinyarta. Yaya na ƙasa a kan tabarma. Injiniya ya tsaya a jikin ƙofa, hannu a aljihu.

Muryar tsohon ta cika ɗakin, a dishe, tana tsayawa tana tari. Ya tuna wa Inna ranar da ya yi mata kujerar tsakar gida ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, ta zauna ta kife. Inna ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Har yau bai yarda laifinsa ba ne." Aka ji na Yaya. Aka ji na jikoki.

Sai rediyon ya yi ƙit ya tsaya.

Yaya ba ta motsa ba. Tana kallon rediyon, tana jira. Da shirun ya yi yawa ta ɗago.

"Ina sauran?"

"Wane saura?"

"Zama na huɗu."

"Uku ne, Yaya. Na duba."

"Huɗu ne." Ta miƙe tsaye. "Ana gobe za a tafi asibiti ya ce in kunna in ajiye masa in fita, in jawo ƙofa. Ya ce wannan na Auta ne. Na kusa awa a waje. Da na dawo na tarar wayar ta mutu, caji ya ƙare, shi kuma yana share fuska. Ya ce kar in faɗa maka. Ka zauna ka ji na kowa, naka ya zo maka a ƙarshe."

Auta. Rabon da a kira shi da wannan sunan a gidan, tun kafin ranar buhuna.

Nan take ya gane komai. Waya ta mutu kafin ta rufe naɗin, shi ya sa ba ta gyara lambar da ke kan fayil ba. Jelar da ya kira shara, ita ce rabonsa.

"Me ka yi?" in ji Yaya. "Auta, dube ni. Me ka taɓa?"

Ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Yaya ta bi shi.

Suka tarar da Mai Tabarau yana shirin rufe shago. Injiniya ya riƙe masa hannu biyu.

"Ka kwafa, ko? Ranar nan. Ka ce min ka kwafa a ɓoye."

Dattijon ya girgiza kai. "Na so in yi. Kwamfutarka ce, da lambar sirrinka. Da ka tashi ka kulle ta."

"To tsawon fa? Tsohon tsawon, ka tuna?"

Wannan kam yana da shi. Ya rubuta lambar a bayan wani kwali tun ranar, don hankalinsa bai kwanta ba.

Injiniya ya zauna a gaban kwamfutar. Ya umarci na'ura ta ƙara wa fayil tsawo ya koma yadda yake. Ta rubuta a littafinta, ta ɗaure, ta buga hatimi. Nan da nan fayil ya koma tsohon girmansa, ko ɗigo bai ragu ba. Ya gyara lambar kan. Allon ya nuna awa uku da minti arba'in da ɗaya.

"Ya dawo!" in ji Yaya, ta dafa kafaɗarsa. "Ga shi nan, ya dawo!"

Mai Tabarau ya kawar da kai daga allon. Ya juya yana kallon bango.

Injiniya ya kai wurin da zama na uku ya ƙare, ya ƙure sifika, ya kunna.

Shiru.

Ba irin shirun ɗaki ba, wanda za ka ji numfashi ko motsin kujera. Shiru ne fayau, wanda ba a taɓa zuba komai a cikinsa ba. Lambobin lokaci na tafiya, minti ɗaya, minti biyu, minti biyar.

"Ƙara murya," in ji Yaya.

"A ƙure take."

"To me ya sa ba ya magana? Ba ga shi ya dawo ba?"

Mai Tabarau ne ya amsa mata, a hankali. "Tsawon ne ya dawo, 'yata. In aka ce wa na'ura ta ƙara, ba ta komawa ta ɗauko abin da aka yanke. Fili take ba ka, fanko. Da gangan aka yi ta haka, don kar wani ya ƙara fayil ɗinsa ya tsinci sirrin wani a ciki. Kamar ki datse zane ne ya gaza, ki ɗinka masa farin ƙyalle. Awon ya cika, amma adon da ke jikin wancan ya tafi."

"Wancan ɗin ina yake?"

"Tun da hatimi ya hau, wurin ya koma hannun kowa. Duk aikin da aka yi a kwamfutar nan cikin mako biyu, a nan yake neman wurin zama."

Kwana uku suka rufe shago suna tono. Suka bi duk lungun da aka saki. Suka tsinto rabin hoton wasu mutane da ba su sani ba, da guntun takardar makarantar wani, da waƙar da wata ta kawo a sa mata a kati. Suka karɓi wayar Yaya suka juye ta, ita ma sababbin abubuwa sun hau kai. Ko tari ɗaya na tsohon ba su samu ba.

A rana ta huɗu Injiniya ya je wurin Inna. Ya tarar da ita a tsakar gida tana wanki. Ya durƙusa a gabanta, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Inna, kina gida ranar. Ɗakinki na jikin nasa. Me ya ce?"

Ba ta daina cuɗa rigar ba. "Na ji ya yi dariya sau ɗaya. Na ji ya yi tari mai tsawo. Akwai inda ya yi shiru har na tashi zan leƙa, sai ya ci gaba."

"Maganar fa?"

"Ban kasa kunne ba. Ba tawa ba ce."

"Inna, don Allah. Ko ƙarya ce ki yi min. Ya yafe min?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Idonta ya yi ja.

"Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba zan fara da tsufana ba. Da ya so in sani, da ni ya faɗa wa. Kai ya faɗa wa. Minti arba'in da ɗaya mutumin nan ya yi yana magana da maƙogwaron da ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Ya ba ka a hannunka."

Ta matse rigar ta jefa a bokiti. "Tashi ka miƙo min wancan sabulun."

Ya tashi ya miƙa mata.

Da aka zo kwashe kayan shagon tsohon, aka tarar da buhu guda a ƙarƙashin teburin ƙarfen nan. Sabon tari ne, na bayan shara. Kowane guntu da lambarsa ta fensir. Masu kwasa suka ce a kai bola. Injiniya ya ce a bari. Ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shagonsa, ya ajiye a ƙarƙashin teburin kwamfuta, inda ƙafarsa ke taɓa shi in ya zauna.

Yanzu ko fayil ɗin wasan yara aka kawo masa, sai ya kwafa ya ajiye kafin ya taɓa. Masu kawo aiki har mita suke yi, wai ya cika jinkiri. Sai ya ci gaba da kwafarsa.

Dogon fayil ɗin ma yana nan, bai goge ba. Wani lokaci da rana, in shago ya yi tsit, Mai Tabarau kan ga ya sa abin ji a kunne, ya kai wurin da zama na uku ya ƙare, ya kunna. Sai ya haɗa hannu, ya sunkuyar da kai, yadda ɗa ke zama in uba na yi masa magana. Ba ya tsallake ko minti ɗaya. Sai arba'in da ɗayan nan sun cika yake ɗagowa.

Darasi: Kar ka kira abu shara alhali ba ka buɗe ka gani ba, kuma kar ka yanke abin da ba ka ajiye madadinsa ba. Na'ura za ta iya tsare ka daga ɗaukewar wuta, amma abin da ka yanke da hannunka ka buga wa hatimi ya tafi, ko ka mayar da tsawon, fanko za ka samu. In babba ya ce dakata, ka dakata, minti biyu ba sa kashe kowa. Wanda kuma iyayensa ke raye yana gaba da su, ya tashi yau ya je ya ji maganarsu daga bakinsu, tun ana jin ta. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, musamman wanda ya fi kowa ganin ya iya.